Motar da ta faɗi bizit a Turai, ina take zuwa?

A watan Afrilu 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta kawo shawarar cewa duk motar gida da ta wuce shekara 10 a riƙa kai ta bincike kowace shekara, maimakon shekara bibbiyu kamar yadda ake yi a Faransa da Jamus. Masu motoci a can suka yi ta ƙorafi, wai ƙarin kashe kuɗi ne. Ni kuwa da na ji labarin, hankalina wajen masu saida motocin hannu na Yamai da Maraɗi ya tafi.

Ku duba yadda abin yake a Faransa. Tun Mayu 2018, in mai bincike ya samu lahani mai haɗari, birki ya mutu ko taya ta cinye har waya ta fito, motar ba ta da izinin yawo sai zuwa ƙarshen wannan ranar. Kuma ba ka saida wa wani mutum motar da ta haura shekara 4 sai da takardar bizit da ba ta kai wata 6 ba. Amma in dillali ko gareji ka saida wa, babu wannan sharaɗin. To, mai tsohuwar mota da gyaranta ya fi kuɗinta, wa kuke jin zai nema? Daga hannun dillali sai jirgin ruwa, sai Lome, sai a wanke ta tas a jera mana ita, mu ce "sabuwa ce, yanzu ta sauka".

Ban ce duk motar hannu ruɓaɓɓiya ce ba, tawa ma ta hannu ce. Abin da ke damuna, in sun ƙara matse nasu, abin da ya faɗi gare mu zai gangaro, kuma shingen da ya rage mana shi ne namu bizit teknik ɗin.

Nan ne kunya ta kama ni. Bara da takardata ta ƙare, wani na miƙa wa kart giriz da ɗan abin shan ruwa, kafin la'asar ya kawo mini sabuwa da hatimi. Motar tana ƙofar gida, ko tayar da ita ba a yi ba. Da wannan takarda na ɗauki mahaifiyata da ƙannena biyu zuwa biki Birnin Ƙonni. Jandarma ya duba, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Bayan mako biyu makaniki ya kwance tayar gaba, ya nuna mini abin da ya rage na birkin, ya ce: "Malam, da wannan ka yi tafiya?"

Saboda haka abin da nake nema ga hukuma kaɗan ne: duk motar da ta shigo ƙasa a ɗora ta kan na'ura kafin a ba ta lamba, kuma kada takarda ta fita sai an ga motar ido da ido. Tawa ta kusa ƙarewa. Wannan karon da kaina zan tuƙa ta in bi layi, ko da zan wuni.