Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, duk wanda ya haye gadar kogin Kaduna ya nufi Kakuri, zai ga kufan masaƙun da suka ciyar da dubban iyali tun daga 1957. Can gaba, kan hanyar Kachia, ga matatar man da aka buɗe a 1980, wadda ta daɗe a kwance. Mu a ganinmu, ba fetur kaɗai muka yi asara a wurin nan ba, har da magani.

Dalili kuwa shi ne, a 1988 an ƙara wa matatar sashen sinadarai mai fitar da benzin. Daga benzin ake samun finol, daga finol kuma ake haɗa farasitamol ɗin da kowane gida ke sha. Abin da ke sauƙaƙa irin wannan aiki shi ne katalis, watau wani sinadari mai kama da dillali: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa da wuri, shi kuwa ya fita yadda ya shiga.

Gwanin dillali kuma yakan yi zaɓe. Sinadarai da yawa tagwaye ne kamar hannun dama da na hagu, sau da yawa ɗaya kaɗai ke warkarwa. William Knowles na Amurka ya samo katalis mai fitar da wanda ake so, aka haɗa L-DOPA, maganin ciwon makyarkyata na Parkinson. Ya raba kyautar Nobel da Noyori da Sharpless a 2001. A 2021 List da MacMillan suka karɓi tasu, don sun nuna ƙananan sinadarai masu araha, marasa ƙarfe, suna iya wannan aiki. Ashe ke nan talauci bai isa hujja ba.

Wasu za su ce saye daga Indiya da Sin ya fi sauƙi. Haka ne, sai ranar da mai kaya ya rufe ƙofa. A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, Indiya ta taƙaita fitar da wasu magunguna, har da farasitamol.

Ba kuwa daga ƙasa za mu fara ba. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello sun riga sun sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta zama katalis irin na tace mai, ga kuma cibiyar NARICT a Basawa, Zariya.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta ɗaura wa jami'a da masana'anta aure, a fara da magani guda, a kai shi kasuwa. Ku masu karatun kimiyya, ku zaɓi binciken da zai fita daga kabad. Ku kuma da ke riƙe da fayil a ma'aikatu, kada takardar kuɗin bincike ta kwana a teburinku. Allah ya sa mu dace.