Tsagar kakana da bakin fensir

A wannan mako filinmu zai ɗan kauce wa kasuwa da biro, ya shiga cikin tsohuwar adakar da ke ƙuryar ɗakin kowane gida, inda ake ajiye takardun fili, da takardun haihuwa, da hotunan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Kakana na wajen uba Bagobiri ne, ɗan kasuwar gyaɗa, wanda ya taso daga ƙasar Tsibiri ya zauna Maraɗi. Ya rasu a 1984, kafin a haife ni. Abin da ya rage mana na kamanninsa hoto ne guda ɗaya tak, wanda bai fi akwatin ashana girma ba, da aka ɗauka a 1968 domin takardar shaidar ɗan ƙasa. Hatimi ya rufe masa kafaɗa da rabin kunne, gara ta ɗanɗana kusurwa guda, damina fiye da 50 kuma ta mayar da baƙin hoton ruwan ƙasa.

Bara wani ƙanena ya ce abin ba wuya. Ya ɗauki hoton da wayar salula, ya sanya shi cikin ɗaya daga manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira masu gyaran tsofaffin hotuna. Kafin a sha shayi na biyu sai ga wani kyakkyawan mutum ya fito, fuska sumul, fata ta yi haske, idanu na walƙiya. Muka kai wa gwaggonmu, wadda ita kaɗai ta rage cikin ƴaƴan marigayin. Ta duba, ta matso da shi kusa da ido, ta nisanta, sa'an nan ta ce: "Wannan ɗan wa ne? Ina tsagar Baba?"

Gaskiyarta. Irin waɗannan manhajoji an horar da su ne da fuskokin mutane masu ɗimbin yawa, kuma duk inda hoto ya dushe, cike gurbin suke yi da abin da suka saba gani. Tsagar gado da ke kuncin kakana, shida a gefe guda bakwai a ɗayan, na'urar ta ɗauke ta a matsayin ƙarzuwar takarda, ta share. Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne.

Daga nan ne aka yi mini kwatancen wani saurayi da ke rubuta allunan masu aski da teloli, wanda a lokacin da ba shi da aiki yakan zana fuskokin mutane da fensir, ko kirayon kamar yadda muke cewa a lakwal. Na zauna kusa da shi yammaci da yawa, kuma abin da na gani ya cancanci a ba da labarinsa, domin yawancinmu muna zaton zane baiwa ce kawai da ake haihuwar mutum da ita. Baiwa tana nan, amma rabin aikin awo ne da haƙuri.

Da farko bai taɓa ainihin hoton ba. Ya sa aka faɗaɗa kwafinsa, ya ja layuka a tsaye da a kwance bisa kwafin har ya zama gida-gida kamar filin dara. Ya ja gidaje masu adadi ɗaya bisa farar takarda mai kauri, da layi siriri wanda da ƙyar ake gani. Daga nan sai ya riƙa kwashe abin da ke cikin kowane gida zuwa takwaransa. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai: masu zanen Masar ta zamanin Fir'auna sun yi aiki da irin waɗannan layuka bisa bango, kuma Bajamushen nan Albrecht Dürer ya nuna ta a littafinsa na awo.

Amfanin gidajen shi ne hana ido yaudarar hannu. Kowa yana da hoton ido da na hanci a cikin kansa tun yana yaro, kuma da zarar ya ɗauki fensir wannan hoton ne hannunsa ke son zanawa, ba na mutumin da ke gabansa ba. Saboda haka ne wani lokaci mai zanen yakan juya hoton ƙasa ta koma sama, don ya daina ganin fuska, ya ga siffofi da inuwa kawai. Ya nuna mini cewa idanun babban mutum suna kusan tsakiyar kai ne, tsakanin ƙwarya da haɓa, alhali ɗan koyo kullum can sama yake kai su. Tazarar da ke tsakanin idanu biyu kuma kusan faɗin ido guda ce. Amma ya ce wannan awon na kowa da kowa ne, kamannin mutum kuwa suna cikin ɗan abin da ya kauce wa awon: gira guda da ta fi ɗaya tashi, kusurwar baki da ta ɗan sauka. Kuskuren milimita 2 a bakin ido ya isa ya mayar da uba ya zama ƙanen uba.

Bayan awo sai inuwa, kuma a nan ne fensir ke nuna cewa ba iri ɗaya ba ne. Abin da ke cikinsa ba darma ba ce, ko da yake Faransawa suna kiransa da sunan darma har yau. Wani baƙin ma'adini ne mai laushi da ake kira girafit, ɗan uwan gawayi. An gano shi da yawa a Borrowdale, a arewacin Ingila, cikin ƙarni na 16. Da yaƙi ya hana Faransa samun na Ingila, sai wani Bafaranshe mai suna Nicolas-Jacques Conté ya samo dabara a 1795: a niƙa girafit, a cuɗa shi da yumɓu, a gasa. In yumɓu ya yi yawa fensir ya yi tauri, zanensa ya yi fari-fari, shi ne mai harafin H. In girafit ya yi yawa ya yi laushi, zanensa ya yi baƙi, shi ne mai harafin B. Wanda muke saya wa yara, HB, yana tsakiya. Mai zanenmu ya ja layukan farko da 2H, ya shimfiɗa fata da HB da 2B, ya shiga ƙarƙashin haɓa da cikin hanci da 4B da 6B. Inda ake son baƙi ƙirin, kamar ƙwayar ido, ya koma ga fensirin gawayi, domin girafit in aka danna shi da ƙarfi ƙyalli yake yi kamar gindin tukunya.

Ba ya fara wuri da baƙi. Sannu-sannu yake ɗora shimfiɗa bisa shimfiɗa, daga mai haske zuwa mai duhu, domin ƙara duhu abu ne mai sauƙi, cire shi ne aiki. Yana murza inuwar da takarda naɗaɗɗiya mai tsini ko da ɗan auduga, ba da yatsa ba, saboda maiƙon hannu yana barin tabo. Ƙarƙashin hannunsa kullum akwai wata takarda don kada ya shafe abin da ya gama. Gom ɗinsa kuwa mai laushi ce kamar ƙullu, yana murɗa ta ta yi tsini, yana ɗauke baƙi da ita don fitar da haske bisa goshi, da karan hanci, da ƙashin kunci. Ya ce baƙar fata ba a zana ta da cika takarda da baƙi, hasken da ke sauka bisa ita ne ke ba ta siffa. Ko farin ido ma bai bar shi fari fat ba, sai ɗigo guda na haske a ƙwayar, wanda shi ne ke sa a ga kamar mutum yana duban mai dubansa.

Da aka zo kan tsaga sai ya ajiye fensir. A hoton, layuka huɗu ko biyar kawai ake iya gani, sauran sun dushe. Ya ce shi ba zai ƙirƙira ba, a kai shi wurin wadda ta san fuskar. Muka tafi. Bayan gaisuwa ya durƙusa ya ce: "Inna, ki nuna mini inda suka taso da inda suka tsaya." Gwaggo ta ɗora yatsa bisa kuncinta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya daga gefen baki zuwa wajen kunne. Ta ƙara da abin da babu shi a hoton sam: kunnen da hatimi ya rufe yana da ɗan tsaguwa tun yarinta. Ya koma ya zana kowace tsaga da layi mai duhu, da siririn haske a gefensa, yadda za a ga ta shiga cikin fata.

Na san wasu masu karatu za su ce ina matsayin wannan aiki a addini. Wannan fage ne na malamai, kuma sun yi saɓani a kai. A mazhabar Malikiyya da muke bi an bambanta mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda aka hana, da zane bisa takarda, wanda hukuncinsa ya fi sauƙi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, kuma babu mai tilasta masa rataya kowa a bango.

Zane dai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Raƙuman dawa na Dabus, da aka sassaƙa bisa dutse a arewa da Agadas shekaru dubbai da suka wuce, babbansu ya fi mita 5. A fannin hoto kuma, abin da Seydou Keïta da Malick Sidibé suka ɗauka na talakawan Bamako yau yana manyan gidajen tarihi na duniya, har Sidibé ya sami babbar lambar yabo ta bikin Venise a 2007. Kelvin Okafor, haifaffen London a 1985 wanda iyayensa ƴan Najeriya ne, ya yi suna da zanen fensir da ake ɗauka hoto ne. Mu kuwa, yaron da aka kama yana zane a bayan kayensa bulala yake sha.

Ga abokaina ƴan kasuwa ina da magana guda. Mutum zai biya kuɗin aikin babbar riga ba tare da ya yi ƙorafi ba, domin ya san allura ta daɗe tana tafiya, amma in ya zo wurin mai zane sai ya taya aikin mako biyu jika 2, kamar mai sayen tumatir da yamma. Araha ba ta ado. Kada kuma a matsa wa mai zane ya ƙara wa marigayi hasken fata, ko ya share masa tsaga, ko ya naɗa masa rawanin da bai taɓa naɗawa ba. Yau an kusa daina yi wa jarirai tsaga, kuma akwai dalilan lafiya masu ƙarfi a kan haka. Nan gaba kaɗan tsagar Gobirawa, da ta Katsinawa, da ta Arawa, da ta Barebari, a takarda kawai jikokinmu za su gan ta. In mun bar takardar ta yi ƙarya, ba su da inda za su kai ƙara.

Wanda ke da tsohon hoto ya fito da shi tun yau. A yi kwafinsa, a ajiye na ainihi cikin ambulan a busasshen wuri, kada a liƙe shi cikin roba da zafi, domin ba ya ɓaruwa daga baya. A rubuta suna, da garin asali, da shekara a bayansa da fensir, tun da sauran dattijon da zai ce wane ne. Girafit ba ya dushewa da hasken rana, takarda ce ke tsufa, saboda haka zane yana son gilashi, da bangon da ba ya tsattsafo, da nisa da gara.

Ranar da aka gama, mun kai wa gwaggo zanen bayan la'asar. Ta ƙirga tsagar da yatsa bisa gilashin, gefe guda shida, gefe guda bakwai. Ta daɗe ba ta ce kome ba, sa'an nan ta gyara mayafinta kamar yadda ake yi gaban babba, ta ce: "Allah ya jiƙan Baba." Ni kuma a ranar na fara ganin kakana.

Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.