Rusau a La, kunne a Nima

Wanda ya hau motar haya ta trotro daga Nima ya nufi gabas, ya wuce Cantonments ya gangara La ta bakin teku, zai tarar da makeken filin baje kolin ƙasa da ƙasa na Akra, wanda kowa ke kira Trade Fair. Gwamnatin Kwame Nkrumah ce ta fara gina shi a farkon shekarun 1960, domin Gana ta nuna wa duniya abin da masana'antunta ke ƙerawa. Ɗan ƙasa Vic Adegbite da wasu masu zanen gini biyu daga Foland, Jacek Chyrosz da Stanisław Rymaszewski, su suka tsara shi, da manyan rumfuna masu shan iska ta rufi tun kafin na'urar sanyaya ɗaki ta zama ruwan dare. Nkrumah bai ga buɗewarsa ba. Sojoji sun kifar da shi a Fabrairun 1966, kuma Janar Joseph Ankrah ne ya buɗe baje kolin farko a Fabrairun 1967.

Daga baya wurin ya bi sahun masana'antun da aka gina shi dominsu. Rufi ya yi tsatsa, baje koli ya ja baya, kamfanin gwamnati mai kula da filin ya koma ba da hayar rumfuna da filaye ga masu ƙananan masana'antu da masu ɗab'i da masu ajiyar kaya. Sai gwamnatin Nana Akufo-Addo ta zo da shirin mayar da shi sabuwar unguwa mai haɗa komai: babban zauren taro, otal-otal, ofisoshi, kantuna da wuraren shaƙatawa, bisa zanen kamfanin David Adjaye.

Babu mai hankalin da zai ce a bar fili irin wannan yana ruɓewa a tsakiyar birnin da ƙasa ta fi zinariya tsada. Gyaran ya dace. Yadda aka fara shi ne abin dubawa. A wani dare na Fabrairun 2020 katafiloli suka shiga da rakiyar 'yan sanda, gari ya waye gine-ginen 'yan haya suna ƙasa, har da maɗaba'ar ɗan jarida Raymond Archer da injinanta a ciki. Hukumar filin ta ce ta daɗe da ba da wa'adi kuma shari'a na bayanta. 'Yan hayar suka ce magana na gaban kotu ba a gama ba. Ko wane ne mai gaskiya, ma'aikatan da ke cin abinci a wurin sun kwana da aiki sun tashi babu.

To, ina ruwan mutumin Nima ko Mamobi da abin da ya faru a La?

Ruwansa shi ne salon bai tsaya can ba. A ranar 1 ga Yulin 2021, ƙarƙashin ministan yankin Akra na lokacin, Henry Quartey, aka share Agbogbloshie, inda dubban matasa 'yan arewacin Gana ke fasa tsofaffin injina da kayan lantarki suna fitar da ƙarfe da tagulla. Sana'a ce mai hayaƙi da guba, wannan ba a musu, amma ita ce ke ciyar da iyalai har Tamale da Yendi. Dillalan albasa, da yawansu Hausawa da Zabarmawa masu sauke kaya daga Nijar, aka tura su Adjen Kotoku, can wajen gari, nesa da masu sayen da suka saba. Aka zagaye filin da katanga, aka ce asibiti za a gina cikin shirin Agenda 111. Har gwamnatin Akufo-Addo ta sauka a Janairun 2025 babu asibitin da ke karɓar majinyaci a wurin. 'Yan gwangwan kuwa ba su bar sana'a ba, sun dai watsu cikin lungunan Old Fadama da wasu unguwanni, hayaƙin ya ƙara matsowa kusa da ɗakunan da yara ke kwana. Dattawan Akra za su tuna cewa haka sojoji suka rushe kasuwar Makola a 1979, wurin ya ƙare a matsayin filin ajiye motoci.

Nima kuwa tana zaune a kan ƙasar da kowane mai kuɗi ke haɗiyar yawu a kanta. Lokacin da Malam Amadu Futa ya samu wurin daga hannun mutanen Ga a farkon shekarun 1930, bayan gari ne, wurin tsayar da shanu. Yau tana maƙwabtaka da Kanda da babban masallacin ƙasa da aka buɗe a 2021, ga fadar shugaban ƙasa ta Jubilee House da unguwannin attajirai na wajen filin jirgi duk a kusa. A jawabinsa ga majalisa na 2019, Akufo-Addo, wanda gidansa ma a Nima yake, ya yi maganar sabunta Nima da Mamobi, tare da alkawarin ba za a kori masu wuri ba. Shirin bai tashi daga takarda ba, amma irin wannan tunani ba ya mutuwa da sauyin gwamnati. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin dariyar shi ne, abin da masu zane ke tallatawa da sunan sabon salo, wato a haɗa gida da shago da wurin aiki a unguwa ɗaya, Nima ta fi shekara tamanin tana yin sa. Tela a zaure, makarantar allo a soro, mai wake da shinkafa a ƙofar gida, mai canjin kuɗi a bakin titi, kasuwar Laraba tana cika har motoci su rasa hanya. Abin da ta rasa shi ne magudanar ruwa mai kyau, da bayan gida a kowane gida, da hanyar da motar kashe gobara za ta iya shiga. Sabuwar unguwar da za ta kawo waɗannan ta kuma kori telan da mai waken, wasu ta gyara wa wuri.

Ko a Ingila haka ta faru. Tashar wutar lantarki ta Battersea a Landan ta daina aiki a 1983, ta yi kusan shekara arba'in a kulle, sai a 2022 aka buɗe ta da kantuna da ofisoshi da gidaje, da jarin 'yan Malesiya. Sun yi abin yabo guda, sun bar tsohon ginin, suka sake gina bututun hayaƙinsa huɗu yadda suke a da. Amma gidaje masu rahusa 636 da aka yi alkawari, a 2017 an zaftare su zuwa 386, hukumar unguwar kuma ta amince. Idan alkawarin da ke rubuce ya ragu haka a Landan, mai haya a Mamobi da ba shi da ko rasit ya san matsayin alkawarin baka.

Shi ya sa maganar ta fi shafar 'yan haya. A zango gida ɗaya na iya zama na magada ashirin, da 'yan haya a kowane ɗaki, takardar fili kuma ko babu ko tana da sunan kakan da ya rasu tun zamanin Turawa. Ranar biyan diyya mai takarda ake nema.

Akwai Asusun Raya Zango da doka ta kafa a 2017, akwai majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, akwai sarakunan zango da limamai da ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu. Aikin da ke gabansu bai buƙaci jiran gwamnati ba: a ƙirga gidaje da ɗakuna da shaguna, a rubuta sunan mai gida da na ɗan haya, a taimaka wa magada su yi rajistar filayensu. Duk wanda ya zo da zanen benaye, a La ne ko a Nima, a nemi ya fara nuna inda mutanen wurin za su zauna yayin gini, da adadin ɗakuna da rumfunan da za su dawo su samu, da kuɗin hayarsu, a rubuce, da sa hannu a gaban lauya. Sarakuna da 'yan majalisa, kada ku bari katafila ta shigo kafin wannan takarda ta fito.