Karayar tsofaffi: ba santsi ne kaɗai mai laifi ba

A daminar bara gwaggona, wadda ta haura shekara 70, ta fito alwalar Asuba, santsi ya kwashe ta a bakin makewayi. Zama kawai ta yi daɓas, amma ta kasa tashi. Da aka ɗauki hoto a asibiti, sai ga ƙashin cinyarta ya karye daga can sama, inda yake haɗuwa da ƙugu. Dukkanmu santsi muka ɗora wa laifi. Likita ne ya ce mana da jikarta ce ta yi irin wannan faɗuwa, da zaninta kawai za ta kakkaɓe ta wuce. Santsi ya kayar da gwaggo, amma abin da ya karya ta cuta ce da ta daɗe tana cin ƙashinta ba mu sani ba.

Cutar ita ce zaizayewar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsohonsa yana gina sabo. Ginin yakan rinjayi rushewar har zuwa wajen shekara 30, daga baya kuma a hankali rushewar ta soma yin rinjaye. Ga mata abin yakan yi sauri bayan ɗaukewar al'ada, saboda raguwar sinadarin istirojin mai kare ƙashi. Sai ƙashi ya zama kamar icen da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk ramuka. Ba ya ciwo, ba ya kumburi, sai ranar da ya karye. Gidauniyar da ke yaƙi da cutar a duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 na waɗanda suka wuce shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne tsofaffin da dama suke fama da ciwon gaɓɓai, wanda muke yi wa kuɗin goro da sunan sanyin ƙashi ko amosani. Ciwon gwiwa da na ƙugu yakan hana su tafiya, ƙashi kuwa ɗaukar nauyin jiki ne ke riƙe ƙarfinsa. Zaman wuri ɗaya yana kuma saki tsoka, mai sakakkiyar tsoka kuwa ba ya da wuyar faɗuwa. Akwai ma nau'in amosanin da ke kumbura gaɓɓan yatsu, wanda kumburin da kansa yake ƙara cinye ƙashi.

Sai kuma maganar magani. Bayan karayar ne muka buɗe jakar gwaggo muka tarar da ƙwayoyin da ta shekara da shekaru tana aikawa a sayo mata a wani kyamis saboda ciwon gwiwa. A cikin haɗin har da firedinisolon. Wannan magani da ɗan'uwansa dekzametazon suna kwantar da ciwo nan da nan, shi ya sa tsofaffi ke yabon su. Amma shan su kullum na tsawon wata 3 ko fiye yana daga cikin sanannun abubuwan da ke zaizaye ƙashi. An gudu daga ciwon gwiwa an faɗa karayar ƙugu. Sai dai a kula: wanda ya daɗe yana shan su bai kamata ya daina rana ɗaya ba, domin hakan ma haɗari ne. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Cutar takan bar alamu ga mai lura. Tsohuwar da ta rankwafa ta soma doro, ko dattijon da tsawonsa ya ragu da kamar santimita 4, mai yiwuwa ƙasusuwan bayansu ne suka lotsa. Haka nan duk wanda ya wuce shekara 50 ya karye a wuyan hannu daga ɗan tuntuɓe, jikinsa gargaɗi yake yi masa, domin karaya ta farko tana ƙara haɗarin ta biyu. Akwai na'urar auna kaurin ƙashi mai suna DXA, kuma tun 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ma'aunin -2.5 a matsayin iyakar da ke nuna cutar. Akwai kuma magunguna, irin su alendironet da ake sha sau ɗaya a mako, masu rage haɗarin karaya.

Ba na raina maɗora, sun daɗe suna yi wa al'umma hidima. Amma karayar ƙugun tsoho ta fi ƙarfin kara da tsumma. Galibi tiyata take bukata cikin kwana ɗaya ko biyu, don a tayar da majiyyaci ya soma takawa. Doguwar kwanciya ita ke jawo gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini a jijiya, kuma su ne ke kashe da yawa cikin shekarar farko. Irin wannan karaya asibitin ƙashi ake nufa da ita kai tsaye, kamar na Dala a Kano, ko babban asibiti mafi kusa.

Rigakafin kuwa yawancinsa a cikin gida yake. Tsoho yana bukatar miligiram 1,000 zuwa 1,200 na sinadarin kalsiyam a rana, kofin madara ɗaya kuma yana ba da kusan 300. Abincinmu na hatsi bai wadata da shi ba. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna ƙarancinsa ne ke lanƙwasa ƙafafun yara a can. Nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, zogale, kuka da riɗi duk suna taimakawa. A bar tsofaffi su sha hantsi don samun bitamin D, su riƙa ɗan tattaki ko da zuwa masallaci ne ko zagayen tsakar gida. A kankare gansakukar makewayi, a kafa abin dafawa, a sa fitila a hanya, a duba musu ido, a ba su sanda ba tare da jin kunya ba.

Gwaggo ta tashi, alhamdu lillahi, amma da sanda take tafiya, kuma ba ta ƙara zuwa biki ko suna da ƙafarta ba. Ranar 20 ga Oktoba ta kowace shekara ce aka ware don tunawa da wannan cuta. Kada mu jira ta. Duk mai tsoho a gida ya buɗe jakar maganinsa a wannan mako, ya kai wa likita ya duba abin da ke ciki.