Martani ga masu cewa falsafa baƙuwa ce a ƙasar Hausa

Ra'ayin da ke cewa Afirka ba ta da gurbi a tarihin tunani ya samu gindin zama ne a laccocin Hegel, masanin Jamus, waɗanda aka buga a 1837. Masu maimaita shi yau ba su ƙara masa hujja ko ɗaya ba. Sun ma manta cewa a littafin nan Hegel ya ture al'ummomin Silab gefe. Silab ɗin kam ba su yi shiru ba: a 1838 August Cieszkowski, mutumin Folan, ya wallafa littafi yana ƙalubalantar yadda Hegel ya fahimci tarihi.

A lokacin, Abdulƙadir ɗan Tafa (1804–1864), jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana rubutu da Larabci a ƙasar Sakkwato kan asalin halitta da ruhi. Littafinsa Futuhatur Rabbaniyya ya auna ra'ayin masu jingina komai ga ɗabi'a. Kafinsa, Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Duk da haka, ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare a Filinge, ƙasar Kurfai, ya san Descartes, masanin falsafar Faransa, sarai. Ɗan Tafa kuwa, da wuya ya taɓa jin sunansa.