Wanda Ya Farke Cikin Agogo Ba Masoyinsa Ba Ne

 Yau ina da ƙorafi a kan wasu masu tara tsofaffin agogunan tangaran, irin waɗanda Turawa ke ɗorawa a kan kantar murhun ɗumama ɗaki.

Na taɓa shiga wata kasuwar tsofaffin kaya a Landan, na ga agogon kamfanin Ansonia na Amurka cikin gidan tangaran na Royal Bonn, wanda aka ƙera a Jamus aka zana masa furanni. Da na juya bayansa sai na tarar an cire injinsa na tagulla, an liƙa na roba mai batir. Mai shagon ya ce da ni, cikin fara'a, ai ya hutar da mai saye wahalar wani. Wallahi raina ya ɓaci.

Ku dubi abin da aka zubar. Injin nan ana yi masa wani da makulli sau ɗaya, ya yi kwana 8 yana tafiya, yana buga awa da rabin awa. A shekarar 1929 aka sayar wa Tarayyar Sobiyat injinan masana'antar Ansonia ta Buruklin. Ke nan duk injin da aka jefa a shara ya tafi har abada, babu masana'antar da za ta maye gurbinsa.

Hujjarsu ita ce batir ya fi kiyaye lokaci. Gaskiya ne, ban musa ba. Tun da Seiko ya fitar da agogon hannu na kwatz a 1969 aka gama wannan gardama. To amma wa ke sayen agogo mai shekara 120 don sanin ƙarfe nawa, alhali wayarsa na aljihu? Ana sayensa ne don aikin hannun waɗanda suka fere haƙoransa, suka daidaita lilonsa. Wanda ya cire wannan ya riƙe kwasfa, ya yar da ƙwaya.

Ciwon kuwa tsoho ne. Sarki Agustas na Sakisoni, wanda ya kafa masana'antar tangaran ta Meissen a 1710, ya ba Sarkin Furushiya sojojin doki 600 a 1717, aka ba shi tangaran 151 na ƙasar Sin. 'Yan Adam masu iyaye da 'ya'ya aka musanya da tuluna! Haka son ƙyalƙyali yake: yana rufe ido daga abin da ke da rai da amfani. Mai farke agogo ɗan ƙaramin magajin wannan hali ne.

Wani zai ce: kayana ne, kuɗina na sa. Na ji. Sai dai abin da ya girmi kakanka, kuma zai iya kaiwa ga jikokinka, amana ce a hannunka kafin ya zama dukiya. In wani ya gagare ka, ka sayar wa wanda zai iya. In injin ya tsaya, ka kai wa mai gyara ya wanke shi, ya sa masa mai. In kuma ka riga ka cire, to ka adana shi, ka faɗa wa mai saye gaskiya, domin ɓoye aibin haja ha'inci ne.

Allah Ya sa mu zama masu riƙon amana, ƙarama da babba.