Ɗalibin Akanta Mai Sayen Amsar Jinga

Kai ɗalibin sashen akanta, da kai nake. Malami ya ba ku jinga kan lissafin kamfani da haraji, ya ba ku mako guda cur. Ko littafi ba ka buɗe ba. Ka biya wani ya yi maka, ko ka ɗauki hoton tambayar ka zuba wa manhajar waya, ta kwararo amsa, ka kwafe har da kurakuranta, ka rubuta sunanka da lambarka ka miƙa. Wannan ha'inci ne tsagwaronsa, kuma dukiyar mutane ce za ta biya kuɗinsa nan gaba.

Dubi abin da kake kwafa ma. Tun watan Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, amma tsofaffin amsoshi masu kashi 5 suna nan suna yawo a WhatsApp, ana gadonsu daga aji zuwa aji. Wasu amsoshin kuma na Amurka ne, an gina su kan dokar harajin can, kai kuwa ka goge dala ka sa naira. A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji huɗu. A ƙarƙashinsu naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu, hukumar haraji ta FIRS ma an sauya mata suna. Ka karanta ko shafi ɗaya a ciki?

Ga ƙaramar tambaya. An sayar da kaya kan naira 107,500, kuma VAT na cikin farashin. Nawa ne harajin? Mai kwafe zai ɗauki kashi 7.5 na jimillar ya ce 8,062.50. Kuskure ne. Asalin kuɗin kayan 100,000 ne, harajin 7,500. A takardar jinga maki biyu ka rasa. A shagon mai atamfa na Kantin Kwari kuwa, wannan kuskuren zai bi rasit bayan rasit har shekara ta zagayo.

Tsarin da ake koya maka, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafin da aka buga a Benis a 1494, yana rubuta kowane ciniki sau biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, kuma tilas jimillar ɓangarorin ta zo daidai. Daren da ta ƙi daidaita, kana bin layi ɗaya bayan ɗaya idonka na zafi, a wannan daren ake zama akanta. A nan za ka gane cewa idan bambancin ya rabu da 9 ba saura, wataƙila ka juya lamba ne, ka rubuta 54 maimakon 45. Idan kuma bambancin ninkin wani adadi ne, je ka duba, ƙila ka ajiye shi a ɓangaren da ba nasa ba. Wanda ya yi maka jingar shi ya tafi da wannan ilimin, kuma kai ka biya shi a kai.

Gobe wani Alhaji zai ɗauke ka aiki saboda takardarka. Zai ce: "Yaro, littafi ya nuna riba, to ina kuɗin?" Sai ka iya nuna masa cewa rabin cinikin bashi ne da ba a karɓo ba, cewa motar dakon kaya tana rage daraja kowace shekara ko ba a fitar da sisi ba, cewa kuɗin da yake zara don cefanen gida daga uwar kuɗi suke fita. In ka yi zuru-zuru, jarin da ya tara tun yana yaron shago ne ke zurarewa a hannunka. Jarabawar ICAN kuwa, cibiyar akantoci da aka kafa a 1965, ba wanda zai zauna maka ita.

Malamai, ku ma da laifinku. Wanda ke maimaita tambaya ɗaya shekara da shekaru, bai sauya ko adadi guda ba, shi ya buɗe wa masu sayar da amsa kasuwa. Ku sauya lambobin, ku kira ɗalibi gaban allo ya yi bayanin layin da ya rubuta.

Kai kuma, jinga ta gaba ka yi ta da hannunka. In jimillar ta ƙi daidaita, kai wa malamin takardar a yadda take, ka nuna masa inda ka maƙale.